Daga Kabuga zuwa duwatsun Rano: yadda za ka fita ƙauyukan Kano a keke ka dawo da ƙafarka

Duk wanda ya ce maka ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, to a mota ya ratsa ta. Mota ba ta gaya wa mutum inda tudu yake. Cinya ce mai faɗa. Ni ma na shekara da shekaru ina bin titin Gwarzo a mota ban taɓa lura cewa hanyar hawa take tana sauka ba, sai ranar da na bi ta a keke.

Wata Lahadi ce cikin Disamba. Na tashi daga Kabuga bayan asuba da gorar ruwa guda ɗaya, cikina ba komai sai shayi. Na wuce Rijiyar Zaki, na wuce sabuwar jami'ar Bayero, na wuce Janguza, keke na gudu kamar ana tura ni. Ashe tura nin ake yi. Iskar hunturu ce a bayana, ni kuwa ina ta yabon ƙwanjina. Sai da na gota Rimin Gado da nisa, wajen ƙarfe goma, sannan na juya. Juyawar nan ke da wuya iska ta tare ni a ƙirji, ga ƙura, ga duk gangaren da na ji daɗinsa ɗazu ya zama hawa. Ruwa ya ƙare. Ƙafa ta fara rawa. Ina cikin wannan hali wani dattijo ya zo ya wuce ni a kan tsohuwar Phoenix, buhu ɗaure a kariya, hularsa ko karkacewa ba ta yi ba. Ya ɗan rage gudu, ya dube ni, ya dubi keken nawa mai giya goma sha takwas, ya ce, "Sannu ɗana. Ka kuwa karya?" Na ce, "Shayi na sha, Baba." Ya ce, "Ai shayi ba ya tuƙa keke." Ya yi gaba abinsa. Ni kuwa a bayan a-kori-kura na shigo gari, ni da kekena da awaki biyu.

Tun daga ranar, lissafin dawowa nake fara yi kafin na tafiya, kuma a kan wannan lissafi na gina duk matakan da ke ƙasa.

Mataki na farko: keken da abin da ke jikinsa

Ba sai ka sayi sabo ba. Yawancin masu fita da mu na hannu suke hawa, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, kuma in ka zaga Sabon Gari da idon basira za ka samu. Abin da za ka duba kafin ka biya: ka ɗaga keken ka juya kowace taya ka ga ko gare yana lilo, ka bi ƙarfen jikin da yatsa, musamman wuraren da aka haɗa, ko akwai tsaga ko walda ta baya-bayan nan, ka riƙe birkin gaba ka jijjiga keken ka ji ko wuyansa na ƙwal-ƙwal. Fenti kuwa kada ya ruɗe ka. Tsayi shi ne babba: ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, in sandar sama tana tokare ka, ya yi maka girma, ko kyauta aka ba ka zai hana ka barci da ciwon baya.

Sirdi kuma yawancinmu ƙasa muke barinsa, saboda mun saba da keken zuwa kasuwa, wanda ake son ƙafa ta taɓa ƙasa a zaune. A doguwar tafiya wannan gwiwa yake ci. Ka hau, wani ya riƙe maka, ka ɗora dunduniyarka a kan feda lokacin da take can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkace ba, sirdin ya zauna daidai. Ka yi wa sandar alama da fenti ko ƙusa, don ranar da yaro ya ara ya sauke.

Zan daɗe a kan taya, domin nan ne sabon shiga ya fi shan wuya. Siririn keken titi yana amfani da tayar da ake rubuta wa 700, faɗin garenta milimita 622. Tayar Phoenix da Raleigh ta iyayenmu, wadda ake ce wa inci 28, garenta milimita 635 ne. A ido kamar ɗaya suke, amma wannan ba ta shiga waccan. Ma'ana, in tayarka ta yage a ƙauye, wadda ke rataye a rumfar mai gyara ba za ta yi maka ba. Haka bawul. Na sirirran kekuna dogo ne tsigil mai ɗan noti a kai, famfon mai facin ƙauye ba ya kama shi. Na taɓa tsayawa a wata rumfa kusa da Kabo, mai facin ya juya bawul ɗin ya sake juyawa, ya ce, "Alhaji, wannan kuma daga ina? Ni tun da nake ban taɓa ba irinsa iska ba." Muka yi ta dabara da guntun tiyo da zaren roba har muka samu iskar da za ta kai ni titi. Akwai ɗan ƙaramin haɗi na ƙarfe da ake murɗawa a kan bawul ɗin ya koma irin na mota. Bai kai kan ɗan yatsa ba. Ka sayi biyu, ka bar ɗaya a murɗe a jikin taya.

Ka zaɓi taya mai faɗin milimita 28 ko 32 in keken zai ɗauka. Mai 23 ta masu tsere ce a titin da ba rami. Ga mai matsakaicin jiki, awo 70 zuwa 80 a ma'aunin masu faci ya ishi mai 28. In ka cika ta tam kamar dutse, duk tsakuwar da ka taka sai ka ji ta a haƙoranka, kuma ba ta ƙara maka gudu.

Abin da ba na fita babu shi: tub biyu sababbi, kwalin faci da sholisho, famfon hannu, ƙarafan ɓare taya, alanki, ɗan tsumma, da kuɗi a hannu ƙanana-ƙanana, domin ba kowane ƙauye sabis ke kaiwa ba ballantana tiransifa. Sai hular kwano, da fitila ja a baya, da riga mai haske. In ka bi ta Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo za ka tsinci riguna masu ɗaukar ido na 'yan wasa da araha. Gajeren wando mai soso a ciki yana da amfani ƙwarai, amma ka ɗora wando mai sakin jiki a kansa. Za ka tsaya salla, za ka gaisa da dattawa, kuma ba ka son yaran gari su raka ka da ihu.

Mataki na biyu: ka karanta iska da rana kafin ka zaɓi hanya

Nan ne lissafin yake. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iska daga arewa maso gabas take busowa, kuma takan ƙara ƙarfi in hantsi ya ɗaga. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, sai ta juya ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma. Ƙa'idar ita ce ka fita kana fuskantar iska lokacin da ƙarfinka yake cike, ta turo ka gida lokacin da ka gaji.

To ka ga hanyoyin yamma da kudu, wato Gwarzo da Karaye da Madobi da Rano, da damina da farkon kaka suka fi daɗi. Ka sha wahalar a tafiya, ka huta a dawowa. Kuma a lokacin ne ƙasar take da kyan gani: gero da dawa sun rufe gonaki, ƙoramu da ruwa, gawo ya zubar da ganye shi kaɗai a tsakiyar kore, kamar yana fushi da damina. Da hunturu kuwa, in kana son sauƙi, ka nufi gabas da arewa, ta Yankaba zuwa Jogana da Gezawa, ko ɓangaren Minjibir. Can babu tudu sosai, amma iska kanta tudu ce. In kuma zuciyarka ta nace sai yamma da hunturu, ka raba ƙarfinka uku: kashi ɗaya na tafiya, biyu na dawowa, kuma ka juya kafin ƙarfe tara.

Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 da rana. A watannin nan duk abin da za ka yi ka gama shi kafin goma. Da azumi ni ba na yin nisa ko kaɗan. Zagayen awa ɗaya bayan la'asar, a dawo a tarar da kunu.

Hadarin damina yawanci daga gabas yake tasowa, kuma yakan aiko da iska mai sanyi da ƙura kafin ya iso. Da ka ji ta, ka nemi gari ko rumfa mai rufi. Kada ka fake a gindin bishiyar da take tsaye ita kaɗai a fili, saboda tsawa.

Ranar fita ma abin dubawa ce. Lahadi da sassafe titunan birni sun fi sarari. Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli, ana taƙaita zirga-zirga daga bakwai zuwa goma na safe. Juma'a kasuwar shanu ta Wudil take ci, Lahadi kuma ta Dambatta, don haka a ranakun nan hanyoyinsu na manyan motoci ne da masu sauri, ka bar musu.

Mataki na uku: fita daga birni

Kilomita goman farko sun fi duk sauran hatsari. Ka bar gida da gari ya fara wayewa, ba cikin duhu ba. Masu ƙwacen waya ma sammako suke yi. Waya ta zauna a aljihun ciki, ba a kan keke ba, har sai ka bar gari. Ka riƙe hannun dama, kada ka bi hannun da ba naka ba ko da na taku goma ne. Ɗan adaidaita sahu yana iya tsayawa a gabanka ba sigina da zarar ya hango fasinja, saboda haka in kana bayansa yatsunka su kasance a kan birki, idonka kuma a kan masu tsayuwa a bakin titi, ba a kan fitilarsa ba. Gadojin sama da na ƙasa, irin na Kabuga da Dangi, in akwai hanyar gefe ka bi ta. Kuma kada ka taɓa shiga tsakanin tirela da gefen titi a wajen kwana. Direban ba ya ganinka.

Ku fita aƙalla ku biyu. A gida kuma a san hanyar da kuka bi da lokacin da ake sa ran ganinku.

Mataki na huɗu: hanyoyin, daga ƙarama zuwa babba

Ka fara da Kabuga zuwa Janguza ka dawo. Makonni biyu ko uku kana yin wannan, har ka ga ka shigo gida ba ka nemi katifa ba. Wajen barikin soja kada ka tsaya ɗaukar hoto.

Daga nan sai ka miƙa zuwa Rimin Gado. A nan ne za ka fara sanin abin da ake nufi da tudu da gangare. Hanyar takan sauka a hankali zuwa ƙorama ko gada, ta sake ɗagawa zuwa wani doron da in ka hau za ka hango gonaki da ɗorawa da kuka har iya ganinka, sannan ta sake sauka. Babu hawan da zai tsorata ka, amma suna da yawa, kuma tara gajiya suke yi kamar bashin mai shago. Wanda ya saba zai iya zarcewa Gwarzo, kimanin kilomita 70 daga birni; wannan kuwa tafiyar yini ce, ko ta kwana.

Wadda na fi so a yamma ita ce wadda ta ratse daga Janguza ta bi ta Durum da Kabo ta nufi Karaye. Motoci sun fi ƙaranci, garuruwan suna kusa da juna, ba ka rasa mai shayi ko rijiyar burtsatse. A ƙarshenta akwai madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992. Ba lallai ka kai can a fitar farko ba. Ka je Kabo ka karya, ka juyo.

Hanyar Madobi ta Panshekara ma tana da kyau da zarar ka tsallake masana'antun Challawa, sai dai tifofin yashi suna yawan bin ta, kuma suna zubar da yashi a kwanoni. Siririyar taya da yashi ba sa ga maciji. In ka hango shi, ka rage gudu tun kafin ka shiga, ka miƙe kan keke, kada ka taɓa birkin gaba a cikinsa.

Babbar ita ce ta kudu, kuma ita ce dalilin duk wannan shiri. Ka bi titin Zariya ta Na'ibawa da Kwanar Dawaki, ka haye gadar Tamburawa, ka isa Karfi. Gaskiya wannan yanki ba na jin daɗinsa. Titin ya yi santsi tun da aka sabunta shi, santsin kuwa ya ƙara wa direbobi gudu. Sau da yawa mukan loda kekuna a mota zuwa Karfi, mu fara daga can, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Daga Karfi sai ka karya hagu zuwa Bunkure. Nan kana tsakiyar aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ya mamaye ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Ko a tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya yi fari fat, nan kore ne shar: shinkafa, alkama, tumatir, albasa, masara, ruwa na gudu a magudanai a gefen hanya, balbelu na bin masu huɗa. Zafi zai sa ka yi sha'awar tsoma ƙafa ko wanke fuska a ruwan nan. Kada ka yi. Ruwan magudanai da madatsai yana ɗauke da tsargiya, kuma ta fata take shiga.

Bayan Bunkure ƙasa takan fara canzawa. Hawan ya fi tsawo, duwatsu su fara leƙowa ta bayan gonaki, baƙaƙe, wasu a ɗore kan wasu kamar da hannu aka jera su. Kafin ka ankara ka shigo Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, gari a gindin duwatsu. Ka sauka ka huta sosai a nan, ka ci abinci mai nauyi, ka cika gorunanka. Daga Rano hanya ta bi ta Rurum ta fita Tiga, kuma a ganina babu yankin da ya kai wannan daɗin tuƙi a kusa da Kano: hawa, sauka, kwana, dutse a dama, fadama a hagu, sai kuma ka hango ruwa ya shimfiɗe kamar ba a ƙasar Hausa ba. Madatsar Tiga an gina ta ne tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ruwan da ka gani yana gudu a gonakin Bunkure ɗazu daga nan ya taso. Akwai masu gadi. Ka yi sallama, ka tambaya kafin ka hau ko ka ɗaga waya. Daga Tiga sai ka fito titin Zariya ta wajen Bagauda, ka biyo ta Chiromawa da Kwanar Gafan da Kura zuwa gida.

Tiga kaɗai kimanin kilomita 70 ce daga birni, ka ga zagayen ba zai gaza 140 ba. Kada ka tunkare shi sai ka yi tafiyar kilomita 80 sau biyu ko uku ka tashi lafiya washegari. Lokacin tumatir kuma Kwanar Gafan cike take da motoci da kwanduna har kan kwalta, ga ruɓaɓɓen tumatir mai santsi. Ka sauka ka tura in ta kama.

Kudu da nan akwai Tudun Wada da dajin Falgore da tsaunukan Riruwai, inda ƙasar Kano ta fi tudu. Ido yana so, amma ni ba na kai keke can, kuma ba na ba kowa shawarar ya kai. Haka ƙauyukan da ke kan iyaka da Katsina ta wajen Shanono da Tsanyawa, inda aka sha fama da hare-haren 'yan bindiga. Kowace hanya za ka bi, ka leƙa tasha kwana ɗaya kafin tafiya ka tambayi direbobin layin: ina aka fasa titi, ina gada ta karye, ina ba a bi da sassafe. Da ɗan gari akan ci gari, kuma labarinsu ya fi na taswirar waya sabunta.

Mataki na biyar: yadda ake cin tudu

Kuskuren kowa ɗaya ne. Mutum ya hango hawa, ya miƙe tsaye, ya danna da giya mai nauyi, ya kai rabi numfashi ya ƙare. Tudun ƙasar nan ba a cin su da fushi. Tun kana gangarowa ka bar keken ya tara gudu, ka ci gaba da juya feda a hankali. Da ka ji ƙafa ta fara nauyi a gindin hawan, ka sauya zuwa giya mai taushi, tun kafin ta ƙure. In ka bari sai kana dannawa da ƙarfi sannan ka sauya, sarƙa za ta yi ƙara, wata rana ma ta tsinke ko ta faɗi. Ka ɗan sassauta ƙafa daidai lokacin sauyawar, kamar yadda direba ke taka kuloci.

Ka zauna a sirdi, ka saki kafaɗa, ka bar ƙafa tana juyawa da sauri-sauri ba nauyi, wajen juyi 80 zuwa 90 a minti. In kana so ka gwada, ƙirga sau nawa gwiwar dama ta ɗago a daƙiƙa 15, ka ninka huɗu. Ma'aunin da ya fi wannan sauƙi shi ne magana: in ba za ka iya amsa gaisuwar mai gona da cikakkiyar jimla ba, ka wuce ƙarfinka, ka rage. Kuma kada ka saki feda da zarar ka ga ƙarshen hawan. Ka ƙara juyi goma har keken ya haye doron ya fara gangara da kansa, sannan ka huta. Wanda ya saki tun kafin doro, tsayawa yake yi cak, ya sake farawa daga babu.

A gangare hannu biyu a kan birki, ka riƙa matsa su tare a hankali, kana saki kana kamawa. Gindin gangare shi ne inda gada take, inda ruwa ya ci gefen kwalta, inda yashi ya taru, kuma sau da yawa inda mutanen gari suka yi tudun rage gudu wanda ba fenti a jikinsa. Idonka ya riga tayarka da taku ashirin.

In kuna da yawa, ku jeru ɗaya bayan ɗaya. Na gaba yana tare wa na baya iska, shi ya sa ake karɓa-karɓa. Na gaba ne kuma mai nuna rami da hannu, na ƙarshe shi ne mai cewa "mota!" A kan hawa kowa ya tafi da ƙarfinsa, a jira juna a sama.

Sauran abokan hanya: garken shanu in yana tsallakawa, ka tsaya, ka gai da makiyayin, ka bar su su wuce, kada ka kutsa tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Akuya ba ta da alƙibla, tunkiya kuwa in ɗaya ta tsallaka sauran ma sai sun bi. Da kaka mutane suna shanya hatsi da barkono a gefen kwalta, ka kauce, abincin wani ne. Kuma ka guji sauka daga kwalta zuwa cikin ciyawa haka kawai. Tsidau yana nan a kwance, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa a inda aka yi shinge. In za ka huta a inuwa, ka ɗauki keken a kafaɗa ka kai shi.

Mataki na shida: ciki da ruwa

Maganar dattijon nan ce dai. Ka karya kafin ka fita, ko da koko da ƙosai ne ko gurasa. A hanya kada ka jira yunwa, domin in ta zo a kan keke ba ta sallama: ƙafa ce kawai za ta mutu, ido ya fara ganin duhu-duhu. Duk bayan minti arba'in ka jefa wani abu a baki. Dabino ya fi komai sauƙin ɗauka, sai ayaba, sai ƙuli-ƙuli ko gyaɗa saboda gishiri. Fura da nono tana da kyau a wurin dogon hutu, amma ka sha kaɗan in akwai hawa a gabanka.

Ruwa gora biyu, kana kurɓa duk bayan minti goma sha biyar, kimanin rabin lita zuwa lita ɗaya a awa gwargwadon zafi. Hunturu mayaudari ne a nan, gumin yana bushewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka yi ba. Gora ɗaya ka sa mata haɗin gishiri da suga, ko na ƙunshi da ake sayarwa a kemis, ko ka haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Duk garin da ka samu ruwan leda ka cika, ko da gorar ba ta ƙare ba. In ka ji ciwon kai da jiri, ko tsigar jiki na tashi cikin rana, tafiya ta ƙare. Ka nemi inuwa, ka jiƙa kai da wuya, ka tari mota. Direbobin ƙauye sun saba ɗaura keke a saman mota. Ka cire tayar gaba, ka sa tsumma a inda igiya za ta bi, ka tsaya a kai har a gama ɗaurin, kuma ɓangaren giya ya kalli sama.

In taya ta sace

Za ta sace, ko ba yau ba. Ka koyi canza tub a tsakar gida tun kafin ka buƙace shi a rana. In ta baya ce, ka mai da sarƙa kan ƙaramin haƙori kafin ka cire wilin. Ka ɓare gefe ɗaya na tayar, ka zaro tub, sannan ka yi abin da masu gaggawa ke mantawa: ka bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka zagayo, ka nemo ƙayar. In ka bar ta, sabon tub ɗin ma ba zai kai ka gari na gaba ba. Ka ɗan hura wa sabon iska kaɗan don ya yi siffa, ka fara sa bawul, ka tura sauran, ka mai da bakin tayar da tafin hannu, ba da ƙarfe ba, kada ka tsunkule shi. Tsohon kuma ka naɗe ka taho da shi, a yi masa faci a gida cikin natsuwa. In tayar ce kanta ta tsage, ka ninka takardar kuɗi ko ledar ruwa ka shimfiɗa ta ciki a kan tsagar, ka ba ta iska kaɗan. Za ta kai ka titi.

Da ka dawo gida, kafin ka shiga wanka, ka ba sarƙa minti biyar. Ƙurar hanya in ta haɗu da mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin sarƙa da haƙora. Ka riƙe tsumma a jikinta kana juya feda baya har baƙin ya ragu, ka ɗiga mai mara kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka bar shi ya shiga, ka sake goge na waje tas. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda masu gyara ke shafawa da buroshi, ka ce a bar shi. Sannan ka juya tayoyin a gaban haske ka cire duk ƙaya ko gilashin da ya maƙale bai kai ga hudawa ba, ka duba robar birki, ka jingine keken a inuwa, nesa da inda yara ke wasa da giya.